Takalmi Mai Wuƙa Don Nusaiba

Ni ba mai dogon zance ba ce, don haka ba zan tsaya ba ku labarin kukan rabuwa da na filin jirgi ba. Ku ɗauka kawai mun sauka a Doha, ni da 'yata Nusaiba mai shekara biyar, muka tarar ubanta Murtala ya rame ya yi baƙi, kamar ba shi ne yake turo mana hotuna yana jingine da manyan motoci ba. Motocin na kamfanin da yake wa tuƙi ne. Abin da yake namu shi ne ɗaki ɗaya a unguwar Old Airport, cikin wani gida da aka yayyanka da katako, muna haɗa kicin da wasu 'yan Sudan da 'yan Indiya. In maƙwabcinka ya yi atishawa, daga kan gadonka za ka yi masa addu'a.

Watannin farko na yi su kamar kaza a akurki. Waje zafi, ciki esi, ba tsakar gida, ba wadda za ta leƙo ta ce a ba ta aron turmi. Na saba da gidanmu na Tudun Wada a Zariya, inda ba a yin shiru sai an yi barci. Nan kuwa ka yi sallama a amsa maka da ido. Da na ga zaman zai haukata ni, na nemi aiki a wani salun na mata a unguwar, ina kitso da lalle. Hannuna yana da sauri, bakina ya fi shi. Mai shagon ta ce in rage na biyun. Ban rage ba.

Ranar Juma'a ce kaɗai Murtala yake hutu, sai mu tafi wani babban mol mu sha sanyin banza. A tsakiyarsa, can ƙasa, akwai wani fili fari fat da aka zagaye da gilashi. Na ɗauka tayil ne. Murtala ya ce ƙanƙara ce.

Na ce, "Wace irin ƙanƙara? Mu da muke bin layi da kwano gidan mai firiza da azumi, a gutsuro mana kamar ana ba mu zinare, ita ce a nan aka shimfiɗa a ƙasa ana takawa?"

Yara ne a kai, sun sa wani irin takalmi mai wuƙa a ƙasa, suna zamiya suna juyi kamar ba su da ƙashi. Nusaiba ta manna goshinta da gilashin, ta ƙi motsi. Aka saya mata askirim, ya narke a hannunta ba ta lasa ba.

"Umma, zan shiga."

Murtala ya ce da ni, "Rabi, janye ta. Wannan wasan 'ya'yan masu ƙasa ne. Mu kallo ne namu."

"Kai ne kallo naka. Ni ban baro uwata na haye teku don 'yata ta zo ta yi kallo ba."

Na biya, aka ba ta takalmin haya, ta shiga. Da farko ta riƙe bango tana ja da gindi kamar tsohuwa a bakin rijiya. Can sai ta saki. Ta faɗi, ta tashi, ta sake saki. Kafin lokacinta ya cika ta ratsa filin daga wannan gefe zuwa wancan ita kaɗai, harshe a waje.

Muna cire takalmin wata Baturiya ta tsaya a kanmu, doguwa siririya, fuska a ɗaure kamar mai ciwon haƙori. Ita ce kocin yaran. Turancinta bai fi nawa na sakandare ba, don haka muka fahimci juna sarai. Ta ce yarinyar nan ba ta tsoro, kuma ba ta cika ganin haka ba. Tana da ajin ƙanana duk safiyar Asabar, sabon zango zai fara Asabar ɗin farko ta watan gobe, gurbi ɗaya ya rage, za ta sa Nusaiba a kuɗin da ba zai karya mu ba. Amma ba a shiga ajinta da takalmin haya, duk sun saki, ba sa riƙe idon sawu. Sai da takalmin kanta da hular kwano. In ranar ta zo babu, akwai wadda take jiran gurbin.

Na ce mata za a samu. Murtala ya dube ni kamar na ce zan sayi jirgi.

Zangon farko na neman takalmin, kantin kayan wasanni da ke saman mol ɗin. Na ga takalmin, fari sol, daidai ita. Na juya takardar farashin na gani, na mayar da shi a hankali kamar ƙwai. Albashina na wata bai kai wuyansa ba. Mai kantin ya dubi silifas ɗina ya dubi mayafina, ya ce akwai na roba mai taya, wanda ake yi a bakin titi, ya fi dacewa da ni. Na ce masa da shawara na zo saya da na tambaye shi farashinta. Na fita.

Zango na biyu, unguwar Al Rayyan. Wani abokin aikin Murtala ya haɗa ni da Tanimu Mai Kago, mutumin Kano, wanda yake bin gidaje yana tara gwanjo, firiza, keke, kujeru, yana aunawa gida a jirgin kaya, wato kago. Rumbunsa a bayan wasu gidaje yake, kaya har rufi. Yana ganina ya washe baki.

"Hajiya ƙanwata! Takalmin ƙanƙara? Ai kin zo gida. Wallahi jiya-jiyan nan na kwaso shi gidan wani Bature."

Ya fito da wasu jibga-jibgan takalma na roba mai tauri, jajaye, da maɓallan ƙarfe a gaba, nauyi kamar an zuba musu siminti. Na juya ƙasansu, shafe.

"Malam Tanimu, ina wuƙar?"

"Haba Hajiya. Ana sayar da mota da direba ne? A can wurin ake ɗaura wuƙar. Kowa da tasa. Ga ma sanduna biyu, gyara na ba ki, don ke ta gida ce."

Rabona da in ji wani ya ce mini ta gida har na manta. Wannan kalmar ce ta ci kuɗina, ba takalmin ba. Na ɗauko su a buhu, na shigo jirgin ƙasa da sandunan suna leƙowa, mutane suna kallona ina kallonsu.

Washegari Anti Rifkatu ta zo kitso. Nas ce, 'yar Pankshin, ta daɗe a ƙasar, ni kaɗai take yarda in taɓa mata kai. Na fito da kayan don in yi mata burga. Ta duba, ta sake dubawa, sai ta kama dariya har tsagar da na yi ta ɓace.

"Rabi, wane ɗan banza ne ya sayar miki da wannan? Wannan ai na hawan dutse ne. A ƙasashen da ƙanƙara take zubowa daga sama, ana ɗaura su a kan dogayen alluna a gangaro daga tsauni. Akwai tsauni a ɗakinku?"

"Ya ce a can ake ɗaura wuƙar."

"A wuyansa za a ɗaura ta."

Na koma Al Rayyan a ranar, da Nusaiba da buhun. Tanimu yana ciniki da wasu mutum biyu a kan firiza. Da ya hango ni washewar bakin ta ragu.

"Hajiya, an saya an saya. Khalas, magana ta ƙare. Dokar kasuwa ce."

Na juye buhun a gabansa. Na sa wa Nusaiba takalman, na ba ta sandunan, na ce ta zaga. Ta fara tafiya ƙwas-ƙwas kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau, tana tuntuɓe da kayansa. Ni kuma na haye kan firizar da ake cinikin na zauna, na ce da masu sayen, "Ku tambaye shi ko da injin a ciki, ko shi ma a can ake ɗaurawa."

"Ke wace irin mace ce?"

"Irin wadda uwarka ta gargaɗe ka a kai."

Ya rantse ya maya cewa kuɗin sun riga sun shiga kago. Wataƙila gaskiya ne, ban sani ba. Na hango wata ƙaramar hular kwano ruwan hoda a rataye jikin wani keke, na ciro, na kifa wa Nusaiba, ta zauna ɗas. Na bar masa jajayen takalmansa da sandunansa a tsakar rumbu, na ce sauran na bar shi da Allah. Ya biyo mu da faɗa har bakin titi. Ba mu waiwaya ba.

Na dawo gida Murtala ya ce, "To, kin gani? Ki haƙura mana. Ita yarinya ce, gobe ta manta."

Nusaiba kuwa da hular ta ci tuwo, da ita ta kwanta. Na nuna masa ita na ce, "Ga mai mantuwar can." Innarsa ma da ta ji labari a waya cewa ta yi za mu sa wa jikarta sanyin ƙashi, wai mutum da hankalinsa ya ɗora ɗa a kan ƙanƙara kamar kifi. Na ce mata in sha Allahu, Inna. Na ci gaba da abin da nake.

Zango na uku Anti Rifkatu ce ta share mini hanyarsa. Wani likita ɗan Indiya a wurin aikinsu ya gama kwantiragi, za su koma ƙasarsu, matarsa tana sayar da komai na gidan har cokali. 'Ya'yansu mata biyu sun yi wasan ƙanƙara. Anti ta tashi daga aiki a gajiye, ko ɗamara ba ta cire ba, ta kai mu a motarta.

Matar ta fito da takalma ƙafa biyu-biyu, farare, sun ɗan goge a baki amma wuƙaƙen suna sheƙi. Na ƙaramar 'yar da na babbar. Kuɗin da ta faɗa ya yi mini daɗi har na ji kunyar neman ragi, amma na nema. Aka gwada wa Nusaiba ƙaramin, ya shige cif, ba wurin da yatsa zai motsa. Aka gwada babban, ya bar fili a gaba.

Na ce babban nake so.

Matar ta girgiza kai. "Ƙaramin ne nata. Ɗauki ƙaramin."

Na ce a raina, ga ta, tana so ta manna mini wanda ba mai saye. Tanimu ya riga ya koya mini karatu. Ban da haka, tunda na yi wayo ban taɓa sa takalmin sallah daidai ƙafata ba. Innata takan ƙara lamba biyu, ta cusa tsumma a gaba, ta ce ƙafar yaro ba ta jiran mai kuɗi. Sallah uku takalmi yake yi mana, sannan ya gangara kan ƙane. Wace uwa mai hankali ce za ta sayi abin da yaro zai fi ƙarfinsa kafin damina? Anti Rifkatu ma da aka tambaye ta cewa ta yi, "Mu ma haka aka yi mana." Na ɗauki babban. Na kwaso audugar goge farce a salun na cusa a gaba, na haɗa wa Nusaiba da safa biyu. Ta yini tana tsayawa a kan tabarma da su, hannu a buɗe.

Asabar ta zo. Murtala yana aiki, ni da ita muka tafi da sassafe, kantunan mol ɗin ko buɗewa ba su yi ba. A bakin filin akwai dogon benci inda ake ɗaura wa yara takalmi, iyaye da masu reno sun cika shi. Koci tana bi ɗaya bayan ɗaya tana duba ƙafafu. Da ta zo kan Nusaiba ta tsuguna, ta danna bakin takalmin da babban yatsa, ya lotsa. Ta kama dunduniyar ta fizga sau ɗaya. Takalmin ya fito a hannunta, igiyarsa a ɗaure. Auduga ta zubo ƙasa a gaban kowa.

"A'a," in ji ta.

"Za ta girma a ciki."

"Kafin ta girma idon sawunta ya karye. Wannan ba takalmin biki ba ne. Dole ya kama ƙafa kamar fata. Ba zan sa ta a kan ƙanƙara da wannan ba."

Na kira Anti Rifkatu. Ta ce ai likita da iyalinsa sun tashi tun shekaranjiya. Koci ta nuna mini agogon bango, ta ce in an buɗe ƙofa aji ya fara, gurbin ya zama na waccan. Ta nuna wata yarinya da ubanta a tsaye a gefe, takalminta a rataye a wuya. Nusaiba ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya tana tsince audugar ɗaya-ɗaya tana cusawa a aljihu, don kada a gani. Da ta yi kukan da ya fi mini sauƙi.

Na miƙe. Na fara bin bencin nan ina kallon ƙafafun 'ya'yan mutane, kamar mai zaɓen doya a kasuwa. Can ƙarshe na ji wata yarinya tana tsala ihu. Ta ɗan girmi Nusaiba. Mai renonta, 'yar Filifin, ta durƙusa tana tura mata ƙafa cikin takalmi, ƙafar tana ƙi. Uwar tana tsaye a kansu, Balarabiya cikin baƙar abaya, ƙamshinta ya cika wurin, waya a kunne, tana cewa, "Yalla, yalla," wai a yi sauri.

Na nufe su. Sai ga mai gadin wurin ya sha gabana, Malam Isiyaku, dattijo mutumin Katsina, wanda muke gaisawa duk Juma'a.

Ya yi ƙasa da murya. "'Yata, na ga idonki. Ki rufa mana asiri. Irin waɗannan ba a tunkararsu. In ta ɗaga waya ta yi ƙara, ni da ke da mijinki duk sai mun ji a jikinmu."

"Baba, sata zan yi?"

"Ba a nan take ba. Mu baƙi ne."

"Baƙo ma yana da baki."

Na kewaye shi. Na tsuguna kusa da mai renon, na ajiye takalmin Nusaiba a gefen ƙafar yarinyar. Ko makaho ya shafa ya san nata ne. Na ɗaga kai na ce da uwar, da Turancina da guntun Larabcin salun, "Madam, na 'yarki ya yi mata kaɗan. Na 'yata ya yi mata yawa. Mu yi musaya."

Ta sauke wayar. Ta dube ni tun daga mayafi har silifas. Ina jin numfashin Malam Isiyaku a bayana. Sai ta kaɗa hannu ta ce da mai renon ta ba ni takalmin, in tafi da shi kyauta, khalas, ita za ta sayi sabo a sama.

Na ce, "Ba bara na zo ba. Kantin sama bai buɗe ba, ƙofar nan kuma yanzu za a buɗe ta. In kin ba ni kyauta, 'yarki a benci za ta zauna. Ki karɓi nawa, in karɓi naki. Kowa ya ba wani."

Ta ɗauki takalmin da yatsu biyu kamar mai ɗaga mataccen ɓera, ta ga inda ya goge. Ta zura hannu ciki, ta zaro ragowar audugar da ta maƙale. Ta tsaya tana kallonta. Na shirya jin zagi, na kuma shirya ramawa. Sai kawai ta tuntsire da dariya, ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Kakata," in ji ta. "Ita jarida take cusa mana."

Ta tsuguna da kanta, da abayar da komai, ta sa wa 'yarta takalmin. Ihun ya tsaya kamar an kashe rediyo. Ni kuma na cire wa Nusaiba safa ɗaya, na zura mata nasu. Sai da na yi nishi kafin ya shiga. Koci ta zo ta danna na wannan, ta fizgi na waccan, ba wanda ya motsa. Ta dube ni, fuskar nan dai ba ta saki ba.

"Kafin shekara ta raba zai yi mata kaɗan."

"Allah ya kai mu. Ƙafa ba ta ƙarewa a bencin nan."

Aka buɗe ƙofa. Mutumin da 'yarsa take jiran gurbi ya zo wucewa ya harare ni, na harare shi, don ban ci na kowa ba. Malam Isiyaku ya goge goshi da hularsa ya ce, "Allah ya shirye ki, 'yar nan." Na ce amin, Baba, bayan an tashi aji.

Yaran suka jeru suka shiga. Nusaiba ce ta ƙarshe, ita ce mafi ƙanƙanta, ita kaɗai ce baƙa. Ta yi taku uku lafiya, a na huɗu ƙafafun suka tafi gaba suka bar ta, ta faɗi da baya, hular ta bugi ƙanƙara ƙwal. Ban san lokacin da na isa ƙofar ba, ƙafata ɗaya har ta hau farin filin da silifas.

Daga kwancen ta ɗago kai ta gan ni. Ta ɗaga mini hannu, ta ƙwala murya da Hausa, duk mol ɗin yana ji:

"Umma, koma! Ba a shigowa da silifas!"

Na koma. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta bi sahun sauran.